Ginin da Ya Gagari Idon Jatau

A Bakura in aka ambaci Jatau Magini, kafin a tuna da hannunsa an tuna da idonsa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, ja kamar ƙasar da yake cuɗawa, shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace tun yana goye. Shekararsa sittin da huɗu, kuma a cikinsu bai taɓa wuce gini ya ƙyale shi ba. Ko jana'iza za shi, in ya ga katanga sai ya rage sauri, ya ƙanƙance ido, ya fara karanta ta: nan aka fara, nan aka dakata ƙasa ta sha iska, nan kuma magini ya yi fushi da mai gida ya ƙarasa a gurguje. Abin haushin shi ne in ka je ka bincika, haka ɗin ne. Wannan ya sa kansa ya ɗan kumbura, har yakan ce a majalisa ba a yi ginin da zai duba ya kasa faɗin inda aka soma shi ba.

A Dakko aka haife shi, gidan Malam Jibo, mutumin da ya haɗa sana'a biyu. Da rani ya ɗora tubali, in gini ya yi sauƙi ya ɗauki dagi da igiya ya shiga haƙar rijiya. 'Ya'yansa maza biyu, Jatau da ƙanensa Sadi, sun tashi ƙafafunsu na cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Tare suke tattake ta da asuba, hannun wannan a kafaɗar wancan don kada santsi ya kwashe su. Da suka girma kowa ya bi inda zuciyarsa ta ja shi. Jatau ya hau sama, ya ƙware a rufin ɗaki na ɗaurin guga da lanƙwasa bakan da ke ɗauke da rufin, har aka riƙa zuwa ɗaukarsa daga Maradun da Talata Mafara. Sadi ya yi ƙasa. Rabin rijiyoyin da ake sha a ƙauyukan yankin shi ya haƙa su, amma rijiya ba ta da zanko, ba wanda yake tsayawa daga nesa ya yaba ta.

Shekara goma sha tara ke nan da Jatau ya yi ɓarnar da ta fi kowace girma a rayuwarsa, kuma da baki ya yi ta. Ya gama wa wani mai fataucin shanu zaure a Dakko, jama'a sun taru ana ta sa albarka, sai wani dattijo ya ce lallai Malam Jibo ya bar gwanaye biyu. Yabo ya riga ya hau kan Jatau. Ya yi dariya ya ce, "Kak ku haɗa ni da shi. Ni ɗorawa nika yi, shi tono. Tono ko burgu shina yi." Aka bushe da dariya, Sadi yana tsaye da igiya a kafaɗa. Ya juya ya tafi gida. Amma sunan ya manne, daga ranar ya zama Sadi Burgu, har yaran da ba a haifa ba a lokacin suka taso suna kiransa haka ba tare da sun san mafarinsa ba.

Kada a ce gaba suke yi, don dukansu suna tsoron Allah. In suka haɗu wurin suna ko ta'aziyya sukan gaisa, gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida, a tambayi iyali, a tambayi gajiya da rana da dabbobi, kowa ya amsa da lafiya lau, sannan kowa ya juya. Shekara goma sha tara ba su faɗa wa juna kalma ɗaya da ta wuce wannan ba. Abin ya ci gidajensu duka biyu, saboda akwai ƙa'idar da masu sana'a ke riƙe da ita: baƙon magini ba ya taɓa bangon gidan da ke da magini a zuriyarsa sai da izininsa, haka ma baƙon mahaƙi ba ya shiga rijiyar gidan da ke da mahaƙi a zuriyarsa. Rijiyar Jatau a Bakura ta cushe, matarsa Taibatu ta koma ɗibar ruwa a maƙwabta tana yi tana mita. Zauren Malam Jibo kuwa, wanda Sadi ke zaune a gidan, ya fara tsagewa daga kusurwar gabas. Jatau yana jira a kira shi. Sadi ya gwammace zauren ya faɗo masa a ka da ya kira.

Ana cikin haka Ummulkhairi, 'yar Jatau ta uku, ta dawo daga Indiya inda ta yi karatun jinya. Ta kawo wa uwarta mayafi, ta kawo wa 'yan'uwa turare, shi kuwa uban ta miƙa masa ambulan. Hotuna goma sha biyu ne ta wanko a Talata Mafara. Ta ce makarantarsu ce ta kai su yawon buɗe ido wani tsohon wurin bauta na mabiya addinin Hindu, wanda aka ce ya haura shekara dubu, tana ganinsa ta tuna da shi.

Jatau ya karɓa yana taɓe baki, ya zauna a kan dakali ya zaro na farko. Bakin nan bai koma daidai ba har aka kira azahar.

Gini ne na dutse baƙi-baƙi, hawa biyu ko fi, tsaye a tsakiyar wani fili da duwatsu masu tsayi suka kewaye. A gindinsa giwaye ne a jere, kafaɗa da kafaɗa, an sassaƙa su kamar su ke ɗauke da ginin a bayansu, wasu hancinsu ya karye. Sama da su ginshiƙai masu kauri, kowanne da zobba da furanni, babu biyu da suka zo iri ɗaya. Daga wani ɗaki na sama zuwa wani an yi gada, ita ma ta dutse, ba abin da ya tokare ta a tsakiya. Can ƙololuwa hasumiya ce mai hawa-hawa, tana tsukewa har ta ƙare da wani dunƙule kamar murfin tulu. A tsakar filin ga wani ginshiƙi shi kaɗai, ba ya ɗauke da komai, mutanen da ke gindinsa ko gwiwarsa ba su kai ba. Bangon kuwa babu inda aka bari fili. Ga wani mai hannuwa da yawa ya ɗaga ƙafa ɗaya yana rawa, ga zakuna, ga sahu-sahu na ƙananan mutane da dawakai da birai an jera su layi bisa layi kamar rubutu a allo.

"Baba, in gaya maka yadda anka yi shi?" in ji Ummulkhairi. "Mai yi muna bayani ya hwaɗa muna."

"Kul!" Jatau ya ɗaga hannu bai ko dube ta ba. "Kak ki kuskura. Gini na, ni ko magini. Bari in gani da idona."

Ta yi murmushi ta ja bakinta. Ta san ubanta, kuma ba banza ta zaɓo waɗannan hotuna daga cikin ɗaruruwan da ke wayarta ba.

Abin da magini ke fara nema a jikin gini shi ne haɗi, wato inda tubali ya zauna kan tubali ko dutse kan dutse. Daga haɗi ake gane sahu, daga sahu ake gane inda aka soma. Jatau ya duba ginshiƙan bai ga haɗi ba. Ya duba gadar, ya duba inda rufi ya sauka kan bango, babu. Ya ce ƙila idonsa ne, ya je kasuwa ya aro gilashin mai gyaran agogo, ya dawo ya duƙufa yana bin hoto taƙi-taƙi. Taibatu ta kawo tuwo ya huce, ta ɗumama ya sake hucewa.

"Malam," ta ce, "da girmanka da gemunka ka zamna kana kallon gumakan mutane? Mi za a ce a gari?"

"Ni ina ruwana da abin da suka bauta wa? Bango nika tambaya." Duk da haka maganar ta ɗan sosa shi. Daga ranar in ya zo kan mai hannuwa da yawa sai ya ɗora babban yatsa ya rufe fuskar, ya ci gaba da duba kafaɗa da ƙugu. A can cikin ransa kuwa, in zai faɗi gaskiya, yana jinjina wa wanda ya fitar da wannan ƙafa da aka ɗaga. Dutse ne, amma kana gani ka san yanzu za ta sauka.

A kwana na biyar ya yi ihu har awaki suka firgita. Ya gano wani layi mai duhu da ya ratsa bangon a kwance, sama da kan giwayen, sannan wani a hawa na biyu, sannan na uku kusa da rufi. Ya san irin wannan layi kamar yadda ya san tafin hannunsa. In damina ta tsayar da aiki aka dawo da rani aka ɗora, sabuwar ƙasa ba ta taɓa zuwa launi ɗaya da tsohuwa, sai layi ya fito. Da la'asar ya fita majalisa ya baje hotunan a tabarma ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla: an kafa giwaye a matsayin harsashi, an ɗora zuwa nan ruwa ya sauko, an dawo an ɗora zuwa nan. Zango huɗu aka yi. Kowa ya ce kai, Jatau sai Allah. Da ya shiga gida ya maimaita wa Ummulkhairi yana jiran ta ce haka ne, sai ya ga ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Wannan shiru ya hana shi sakat. Ya koma kan hoton, sai ya ga abin da murna ta hana shi gani. Layin nan na biyu ya bi ta tsakiyar ƙirjin mai rawa, ya shiga ginshiƙi, ya fita ta cikin fure. Wane magini ne zai tsayar da aiki a tsakiyar ƙirjin mutum? Kuma in sahu ne, ina haɗin tsaye, na dutse da maƙwabcinsa? Ga gadar nan ma. Ya je bayan gida ya kwaɓa ƙasa ya yi ɗan ƙaramin kwatancinta, ɗaki biyu da gada a tsakani, ba azara ba baka, kamar yadda ya gani. Sau uku tana ruftawa.

Ranar Talata ya hau mota zuwa Talata Mafara, wurin Mas'ud, wanda ya fara koyon gini a hannunsa kafin ya koma aikin bulo da kankare. Mas'ud ya duba hotunan a tsaitsaye ya ce ai wannan zubi ne, an kafa katako an zuba kankare, in ba haka ba to haɗin kwamfuta ne, yanzu ba abin da ba a yi. Jatau ya tattara hotunansa. "Ɗiyata ta taka wurin da ƙahwarta," ya ce, "kuma shekara dubu da ta wuce kakanka na yak kai musu siminti?" Ya fito yana jin haushin kansa da ya taɓa koya wa wannan mutum riƙon tubali.

Ranar kasuwar Maradun ya sake shiri. Taibatu ta ce hanyar nan ba ta da daɗi yanzu, ya bari mana. Ya ce da hantsi zai je, kafin la'asar ya dawo. A can ya nemi Yari, wani tsoho mai sassaƙa turame da kujerun mata a ƙarƙashin tsamiya. Yari ya goge hannu a riga ya karɓi hoton giwayen, ya daɗe yana shafa shi kamar zai ji kaushin dutsen.

"Wagga giwa ba a liƙa mata kunne ba," ya ce. "Jikinta guda na da bangon. Dubi nan, ga sawun ƙarhe, layi-layi. Cirewa anka yi har ta hito, kamar yadda nika cire itace turmi shi hito."

"To ɗakunan hwa? Da hasumiyar?"

Yari ya girgiza kai. "Ni turmi nikan kwantar da shi in juya shi yadda nika so. Wanga wa za ya juya shi? Nan ilimina yat tsaya." Ya miƙo hoton, ya koma kan gizagonsa, sannan ya ƙara da cewa, "Kai ko da kaka yawo kana wahalad da kanka. Duk ƙasag ga wa yas san cikin dutsi kamar ƙanenka? Mutumin da yah huda marmara gaba goma sha biyu."

Jatau ya yi kamar bai ji ba. Amma tun daga Maradun har gida maganar na zaune kusa da shi a mota.

Lokacin bazara ta kankama, zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma-yamma yana watsewa. Ummulkhairi ta je Dakko gaida baffanta ta dawo. Ta sami uban a kan dakali da hotunan a cinya, sun fara yin laushi don sha hannu.

"Baba, zauren Kaka ba ya kai ƙarshen daminag ga," ta ce. "Tsagar nan hannuna shina shiga har wuyan hannu. Ruwan hwari in yaz zo da iska, shi ke nan."

"Wa yak kira ni?"

"Ba wanda za ya kira ka, kai ma ka sani."

Jatau ya tattara hotunan a cinya. A zauren nan ya fara ɗora tubali, uban na tsaye a bayansa yana gyara masa zaman yatsu. Ya san kowace azara da ke cikinsa. Tunanin a wayi gari a ce ya zube, a gidan da ya haifi Jatau Magini, ya tsorata shi, don ya san in zauren nan ya faɗi ba sauran abin da zai sake kai shi gidan. Amma ya je ya ce me? Shekara goma sha tara sun yi wa bakinsa nauyi. Ya dubi hoton da ke sama, sai wata dabara ta zo masa, irin dabarar masu girman kai. Ba zai je ba da haƙuri ba, ba zai je gyaran bango ba. Tambaya ce ta aiki zai kai, kuma tambaya ba ta rage wa mutum komai.

Da safe ya hau kabu-kabu zuwa Dakko. Ya sami Sadi a ƙofar gida yana tufka igiya, dogo, siriri, ya rame fiye da yadda ya san shi, yana ɗan tari irin na waɗanda suka daɗe suna shaƙar ƙurar rami. Suka yi gaisuwarsu ta kullum, ba su tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Da ta ƙare, inda aka saba kowa ya juya, Jatau ya zauna a bakin tabarma. Bai yarda ya dubi kusurwar gabas ba.

"Wani abu Ummulkhairi tak kawo min daga Indiya," ya ce. "Na kai ma Mas'ud, na kai ma Yari. Nac ce bari kai ma ka gani."

Sadi ya dube shi, ya dubi ambulan, ya ajiye igiyar. Ya riƙa zaro hotunan ɗaya bayan ɗaya, kuma Jatau ya lura da wani abu: giwayen ba su tsayar da shi ba, mai rawa ma haka. Gefen hoto yake kallo, wajen duwatsun nan da suka kewaye filin, waɗanda Jatau ya ɗauka tsauni ne kawai aka yi gini a gindinsa, bai taɓa ba su ko minti ɗaya ba. Sadi ya ware hoto biyu ya jera a tabarma. Ɗaya an ɗauke shi daga tsakar fili, ɗaya daga can sama, ana hango rufin ginin a ƙasa.

"Mai ɗaukar wanga ina yat tsaya?"

"Bisa tsauni."

"Bisa ƙasa dai, Yaya. Ga ciyawa nan, ga turba, ga akuya can. Nan na doron ƙasa. Ginin na a cikin rami." Ya sa farce a kan dutsen gefen hagu, inda wani layi mai duhu ya ratsa. Ya ja farcen a hankali ya tsallake fili, ya sauka a bangon ginin daidai kan layin da Jatau ya yi wa ihu, ya bi ta ƙirjin mai rawa, ya fita, ya sake tsallake fili, ya sauka a dutsen dama. Layin na nan, tsayi ɗaya, bai kauce ba.

"Wanga ba sahu ba na," in ji Sadi. "Jijiyad dutsi ta. In kana haƙa kana iske su, ja, sannan baƙa, sannan hwara, kuma in ka haƙa wata rijiya kusa, nan za ka iske su inda ka baro su. Da ginin da tsaunin abu guda na. Ba a ɗora komi ba. Bisa sunka hwara sunka yo ƙasa, kamar rijiya. Sai dai mu tsakiya muka kwashewa mu bar gehe, su gehe sunka kwashe sunka bar tsakiya, sannan sunka huda ta sunka yi ɗakuna."

Jatau ya sake bin layin da ido. Wata guda yana neman haɗi a jikin abin da ba a taɓa haɗawa ba. Ya ji kunya, amma mamaki ya fi kunyar ƙarfi, ya ture ta gefe.

"Tsaya, tsaya. Kana nuhin ruhi anka hwara yi?"

"Wancan dunƙulen na bisa shi na na hwari."

"Giwayen hwa, da ka ɗauke da shi?"

"Su na na ƙarshe."

"La'ilaha illallahu! Ruhi kahin harsashi!" Ya matso har gwiwarsa ta taɓa ta ƙanensa bai sani ba. To gadar fa? Sadi ya ce ba gada aka yi ba, ƙarƙashinta aka kwashe aka bar ta. Ginshiƙin nan da ke tsaye shi kaɗai fa? An zagaye shi ne ana sauka. To ina suka kai dutsen da suka fasa? Sadi ya ce shi ma abin da yake tambayar kansa ke nan, don rijiya ɗaya ma tana tara tudu, balle wannan. Yaya suka yi da ruwan sama kada ramin ya zama tafki? Suka duƙa tare suna neman magudana a hoto na bakwai, suka same ta, suka yi dariya lokaci ɗaya. Matar Sadi ta leƙo daga cikin gida don ta ga ko da wa mijinta ke hira haka, ta koma da sauri tana riƙe da baki.

Sadi ya ɗauki hoton hasumiyar ya daɗe yana kallo. "Wanda yas sa ƙarhe nan bisa ranar hwari," ya ce, "dole giwayen na cikin kanshi tun ran nan, ko da bai rayu yag gan su ba. Kuma hannunshi bai rawa. Irin aikinmu ba shi da gyara, Yaya. In ka sare inda bai kamata ba, ya tahi ke nan. Ku kun ji daɗi, in kun ɓata ku kwaɓa ƙasa ku yaɓe."

Ya faɗe ta ne a kan dutse, ba da wata manufa ba, idonsa ma na kan hoton. Amma ta sami Jatau inda take nema. Ya dubi hannuwan ƙanensa, faratan duk sun fashe, yatsa ɗaya ya karkace tun wata ruftawa da aka ba shi labari bai zo dubiya ba. Baƙin ciki ya cika shi, na shekarun da ya zubar a kan dariyar minti ɗaya. Yana neman yadda zai fara ke nan sai ga wani mutum ya biyo da jaki, ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da hutawa, Burgu! A'a, Jatau, yau kai na a garin?"

Jatau ya miƙe tsaye. Muryarsa ta fita da ƙarfin da ya sa masu zama a gindin bishiyar bedi suka waiwayo.

"Sunanshi Malam Sadi ɗan Malam Jibo. Ni nas sa mishi wancan suna, da jahilcina, nan garin, gaban mutane. To gaban mutane nika janye shi. Abin da yag gagare ni wata guda, shi kahin kunu shi huce ya karanta shi. Ka gaya ma wanda bai ji ba."

Mai jaki ya ce to, to, Allah ya huci zuciya, ya ja dabbarsa ya yi gaba. Sadi bai ɗago ba. Ya tattara hotunan yana daidaita bakinsu a kan gwiwa, ya daɗe yana daidaitawa fiye da yadda hoto goma sha biyu ke bukata.

Sai a lokacin Jatau ya juya ya dubi kusurwar gabas. Ya je ya zura hannu a tsagar, ta haɗiye shi har gwiwar hannu. Ya ƙwanƙwasa sama da ita, ya ƙwanƙwasa ƙasa, ya kasa kunne. Azara ba ta ruɓe ba. A cikin tsagar yatsunsa suka faɗa wasu 'yan ramuka huɗu a jikin wani tubali, sawun yatsun wanda ya dunƙula shi, kuma ya san na ubansu ne.

"Shina gyaruwa," ya ce, bai juyo ba. "In mun hwara yau, kwana shidda. Akwai ƙasa?"

"Akwai ta bayan gida. Shekara ukku da nit tara ta."

"Ruwa hwa?"

Sadi ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya ɗauki igiyar da yake tufkawa ya nufi rijiyar gidan, wadda ya haƙa da hannunsa. Guga na farko ya fito da ruwa garau mai sanyi, ya juye a kan tulin ƙasar da Jatau ya buɗe wa tsakiya.

"Taibatu har yanzu maƙwabta taka ɗiba?" ya tambaya.

"Har yanzu."

"In mun ƙare nan, ina tahowa da dagi."

Jatau ya tuɓe takalmi ya naɗe wando ya shiga. Ƙasar ta yi santsi, ƙafafun kuma ba na da ba ne, ya yi tangal-tangal zai faɗi. Sadi ya ajiye guga ya shigo, ya tsaya kusa da shi. Jatau ya ɗora hannu a kafaɗarsa, suka fara tattakawa.